Lab, Hoto ko Fisiyo: Wanne Ya Dace Ka Karanta a Jami'a?

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, hira iri ɗaya ake yi a gidaje da yawa daga Kano zuwa Sakkwato zuwa Maiduguri. Yaro ya cike likitanci, makinsa bai kai ba, sai a ce ya yi sauri ya canza kwas kafin a rufe. Daga nan sai shawara ta yi yawa. Kawu ya ce lab, yaya ta ce aikin jinya, maƙwabci ya ce ya ji ana neman masu ɗaukar hoto a Saudiyya. Tambayar da aka fi yi kuma ita ce, wanne ya fi kusa da likita? A ganina wannan tambayar ce ke jefa yara cikin kwas ɗin da za su yi shekara biyar suna ƙunci a cikinsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan fannoni sana'a ce mai cin gashin kanta, da hukumarta, da lasisinta, da irin wahalarta. Abin da ya kamata a auna shi ne yadda ranar aiki take a kowane, da kuma ko halinka zai ɗauka.

Uku zan fi tsayawa a kai, domin su ne aka fi rikicewa tsakaninsu: kimiyyar gwaje-gwajen asibiti da kowa ke kira lab, radiyogirafi wato ɗaukar hoton cikin jiki, da fisiyoterafi da mutanenmu suka fi sani da gashin ƙashi.

Ta fuskar shiga, kusan duk ƙofa ɗaya ce. A JAMB Turanci ne da fiziks da kemistiri da bayoloji. A WAEC ko NECO kuma kiredit biyar, waɗannan huɗun da lissafi. Karatun shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta JAMB, huɗu ga wanda ya shiga kai tsaye aji biyu da wata shaidar da jami'a ta amince da ita, sai dai wasu jami'o'in sun mayar da fisiyo shekara shida a sabon tsarin da ake fita da digirin dakta na fisiyoterafi. Bayan an gama, a yi rantsuwar kama aiki a gaban hukumar sana'ar, a ba ka lasisin wucin gadi, ka yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi, sannan hidimar ƙasa. Ke nan wanda ya shiga yana ɗan 18, idan yajin aiki bai ci masa lokaci ba, sai ya kai 25 kafin ya tsaya da ƙafarsa. Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa waɗannan kwasa-kwasan araha ne wajen maki. Gurbinsu kaɗan ne, domin hukumomin ne ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuma sun yi yawa.

A Arewa, Jami'ar Bayero tana da tsangaya guda ta waɗannan fannoni, inda ake koyar da lab, hoto, fisiyo, aikin jinya da awon ido, ɗalibai kuma suna samun horo a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Jami'ar Maiduguri ta daɗe tana yaye masu hoto da masu fisiyo. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yi suna a lab, tana kuma da hoto. Ahmadu Bello da ke Zariya tana da lab da hoto da jinya, Jami'ar Jos ma tana da lab.

Lab

Wanda ya taɓa shiga ɗakin gwaji na babban asibiti da ƙarfe takwas na safe ya san ba wurin hira ba ne. Kwalaben jini ne jere a kan tebur, masu murfi shuɗi-shuɗi da ja da ruwan toka, kowace da aikinta. Gefe guda robobin fitsari da majina. Wata ma'aikaciya ta ɗiga jini a kan gilashi, ta ja shi siriri, ta bar shi ya bushe, ta zuba masa rini, sannan ta sunkuya a kan madubin ganin ƙwayoyin cuta tana ƙirga ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro ɗaya bayan ɗaya. A ɗaya ɗakin ana gwada jinin wanda ya zo bayarwa da na mai naƙudar da ke kwance tana zubar da jini. Idan aka yi kuskure a nan, aka ɗaura mata jinin da bai dace da nata ba, rai ne zai tafi, kuma wanda ya sa hannu a takardar shi za a nema.

Wannan shi ne halin aikin. Mara lafiya ba ya cika ganinka, kai ma sau da yawa lambarsa kawai ka sani. Amma likita ba zai iya cewa ga takamaiman abin da ke damun mutum ba a cututtuka da yawa sai da sakamakonka. Karatun ya kasu rassa: sinadaran jiki, ilimin jini da ƙarin jini, ƙwayoyin cuta da tsutsotsi, nazarin tsokar da aka yanko daga jiki domin gano sankara, da ilimin garkuwar jiki. A shekarar ƙarshe ɗalibi kan karkata zuwa reshe guda. Hadda tana da yawa, kemistiri kuma ba ya sakinka har ka gama. Hukumar da ke kula da sana'ar ita ce MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ce kuma ke shirya jarrabawar ƙwarewa a matakai biyu kafin a kammala.

Lab ya fi sauran biyun yawan ƙofofin aiki. Kowane babban asibiti yana da ɗakin gwaji, ƙananan asibitocin kuɗi ma haka. Akwai bankunan jini, akwai shirye-shiryen tarin fuka da ƙanjamau inda ake aiki da injin GeneXpert mai gano ƙwayoyin cutar, akwai ɗakunan gwajin zazzaɓin Lassa da sanƙarau da ke aiki da hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, akwai ƙungiyoyin agaji a Arewa maso Gabas, akwai bincike a jami'a. A Kano, dokar gwaji kafin aure da gwamna ya sa wa hannu a 2024 ta wajabta gwajin jinsin jini saboda sikila, da ƙanjamau, da ciwon hanta, wanda hakan aiki ne da ke biyowa ta hannun 'yan lab. Buɗe naka wurin ma abu ne mai yiwuwa, ana iya farawa da ƙananan gwaje-gwaje a riƙa ƙara inji a hankali, muddin hukuma ta yi wa wurin rajista.

Sai dai fa yawan ƙofofin ya zo da yawan mutane. Jami'o'in da ke yaye 'yan lab sun fi na sauran yawa, ga kuma masu taimakon lab da kwalejojin fasahar lafiya ke fitarwa, waɗanda masu asibitin kuɗi suka fi son ɗauka saboda albashinsu bai kai na mai digiri ba. Don haka samun wurin sanin makamar aiki yakan zama tashin hankali, wani ya yi watanni a gida yana jira. Albashin ƙananan ɗakunan gwaji masu zaman kansu kuwa, gara kada a faɗa. Akwai kuma tsohuwar taƙaddama tsakanin 'yan lab da likitocin da suka ƙware a fannin gano cututtuka kan wa ke da ikon shugabantar ɗakin gwaji, maganar da ta sha zuwa kotu. Wanda zai shiga ya san zai gaji wannan rigimar.

Wani abu da ke cin yara da yawa: digirin maikirobayoloji ko bayokemistiri ko kwas ɗin fasahar ɗakin gwajin kimiyya da ake kira SLT ba su ne lab na asibiti ba. Karatu ne mai kyau a wurinsa, amma ba ya ba ka lasisin MLSCN. Da yawa sai sun gama shekara huɗu suke gane haka, su dawo su sake shiga aji biyu.

Hoto

Mai radiyogirafi shi ne ke sarrafa injinan da ke leƙa cikin jiki: eksire, siti sikan mai ɗaukar hoton jiki yanki-yanki, MRI mai aiki da maganaɗisu, hoton nono na gano sankara, da kuma injinan gasa sankara ga wanda ya bi wannan reshen. Ba shi ne likitan da ke rubuta fassarar hoto ba, wancan likita ne da ya gama likitanci sannan ya ƙware. Amma idan hoton bai fito daidai ba, fassarar ma ba ta da amfani.

A nan kana taɓa mara lafiya, amma na ɗan lokaci. Ka tsayar da shi, ka manna ƙirjinsa da allon, ka ce ya ja numfashi ya riƙe, ka koma bayan katanga ka danna, shi ke nan, na gaba ya shigo. Da dare ne aikin ke nuna ainihin fuskarsa. An kawo waɗanda suka yi haɗari a hanya, ƙafa ta karye gida biyu, mutum yana ihu, 'yan uwa sun cika ƙofa, kai kuma dole ka samo hoto ta fuska biyu ba tare da ka ƙara masa rauni ba. Yana buƙatar hannu mai sauri da kai mai sanyi.

Cikin ukun nan, hoto ne ya fi dogara da fiziks. Wanda ya tsallake fiziks da ƙyar a sakandare ya yi tunani sau biyu, domin zai haɗu da lissafin haske da wutar lantarki da maganaɗisu, ga ilimin sassan jiki da dole ya san shi ta kowace kusurwa. Hukumarsu RRBN ce, an kafa ta a 1987.

Iyaye sukan tsorata da maganar hasken injin, musamman ga 'ya mace, a ce zai hana ta haihuwa. Hasken eksire yana da illa idan ya yi yawa, wannan gaskiya ne, shi ya sa ake gina ɗakin da katanga mai kauri ko mai darma, ake sa rigar darma, kowane ma'aikaci kuma ke rataya ƙaramin ma'auni a ƙirji da ake karantawa lokaci-lokaci a ga yawan hasken da ya taɓa shi. Hukumar NNRA mai sa ido kan amfani da irin wannan hasken ce ke ba wuraren izini. A wurin da ake bin ƙa'ida abin da ke isa jikin ma'aikaci kaɗan ne ƙwarai, mai ciki kuma akan sauya mata wurin aiki. Sikanin ciki da MRI ma ba su amfani da wannan hasken gaba ɗaya. Haɗarin na gaske yana wuraren da aka ajiye tsohon inji a shago ba kariya. Wannan kuwa zaɓin wurin aiki ne, ba laifin sana'ar ba.

Idan maganar saurin samun aiki ake yi, ni dai hoto nake ba wa gaba. Masu shi ba su da yawa, cibiyoyin hoto masu zaman kansu kuma sai ƙaruwa suke a manyan birane. Wanda ya ƙara horo a sikanin ciki bayan digiri, kamar kwasa-kwasan da hukumarsu ke shiryawa, ba ya zama haka nan. A nan nake ganin babbar dama ga 'yan mata. Mace mai ciki a garuruwanmu, da mijinta, sun fi natsuwa idan mace ce za ta duba ta, hoton nono kuwa ba a ma magana. Matan da suka karanta hoto a Arewa ba su kai buƙata ba.

Raunin sana'ar shi ne ba ka da aiki sai da inji, inji kuma kuɗi ne masu nauyi. Siti sikan ko MRI ba abin da matashi zai saya ba ne. Idan injin asibiti ya lalace, sai a yi watanni ana jiran injiniya da kayan gyara daga waje. Ga matsalar wuta. Kuma manyan injinan suna birane ne, don haka wanda ke son komawa ƙaramar hukumarsu ya zauna, abin da zai samu bai wuce eksire da sikanin ba.

Fisiyo

Wannan shi ne wanda aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mutane sun ɗauka tausa ce da gasa baya da fitila. Je ka sashen fisiyo na Asibitin Ƙashi na Dala ko na wani asibitin koyarwa ka tsaya rabin sa'a. Za ka ga dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, an tsayar da shi tsakanin ƙarafa biyu, ma'aikaci ya durƙusa yana riƙe masa gwiwa yana cewa, “Baba, a ɗora nauyi a kan ta hagu, kada a ji tsoro, ina riƙe da ku.” Taku uku ya yi, gumi ya jiƙa masa riga, ɗansa na gefe yana murmushi kamar an yi masa bushara. Wata uku da suka wuce a kan katifa aka kawo shi. A ɗaya gefen uwa ce da yaron da ya sha wahala wajen haihuwa, ya shekara biyu bai iya zama ba, ana koya mata yadda za ta riƙa motsa shi a gida.

Cikin ukun, fisiyo ne kaɗai inda mara lafiya yake naka. Kai za ka duba shi, ka auna ƙarfin gaɓoɓinsa, ka tsara masa magani, ka bi shi makonni ko watanni. Wanda abin da ya ja shi zuwa likitanci shi ne zama da mara lafiya da ganin ya warke a hannunsa, a nan zai fi samun abin da yake nema. Karatun ma a shekarun farko yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na likitoci a ilimin sassan jiki, har da feɗe gawa. Sana'ar ta daɗe a ƙasar nan, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinta tun 1966, hukumar MRTB da ke kula da ita kuma an kafa ta a 1988.

Buƙata kuwa ba ta ƙarewa. Shanyewar ɓarin jiki, karaya bayan haɗarin babur, ciwon baya da gwiwa, waɗanda aka yanke wa ƙafa saboda ciwon suga, matan da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari da jan ƙafa. An ayyana Najeriya ta rabu da cutar shan inna ta asali a 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu. Kuma jarin farawa bai kai na sauran ba. Hannunka da iliminka su ne rabin kayan aiki, shi ya sa masu fisiyo da yawa ke samun rufin asiri ta zuwa gidaje duba marasa lafiya bayan an tashi aiki.

Wahalarsa biyu ce. Ta farko ta jiki: ɗaga mutane, tsayuwa, durƙuso, yini guda. Ta biyu ta haƙuri. Sauƙi yana zuwa a hankali, kuɗin mota na ƙare wa iyali, sai su daina zuwa, ko su koma wajen mai ɗori, su dawo bayan gaɓa ta riga ta sandare. Guraben aikin gwamnati ma ba su kai na lab ba, domin asibitoci da yawa a ƙananan hukumomi ba su da sashen fisiyo ko kaɗan. Mai saurin gajiya da mutane, ko mai ƙyamar taɓa jikin wani, kada ya fara.

Awon ido da aikin jinya ban manta da su ba. Awon ido shekara shida ne, ana fita da digirin dakta na fannin, aikin yana da tsafta, ba kwanan asibiti sosai, kuma yana tafiya da kasuwancin gilashi, amma mai shi ba ya yin tiyatar ido, jami'o'in da ke koyar da shi a Arewa kuma ƙalilan ne. Jinya kuwa ta fi duka samun aiki a gida da waje, sai dai aikin dare da tsayuwa a kan mara lafiya sai mai zuciyarsa, kuma maganarta ta isa a ware mata rubutu daban.

Maganar albashi a gwamnati ba ta raba gardama tsakanin ukun, domin duk a tsarin albashin ma'aikatan lafiya na CONHESS suke, likitoci kuma a nasu tsarin na CONMESS, bambancin da ya sa ƙungiyar JOHESU, gamayyar ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba, ke yawan shiga yajin aiki. Inda suke bambanta shi ne abin da mutum ke samu a gefe. Fita waje ma duk ukun suna da hanya. A Ingila hukuma ɗaya ce, HCPC, ke yi wa ukun rajista. A Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa na yankin sai an tantance takardunka an kuma yi jarrabawar lasisi, galibi kuma suna son wanda ya yi 'yan shekaru yana aiki. Ƙa'idojin biza suna canzawa, saboda haka ban ga hikimar mutum ya ɗora rayuwarsa kacokan a kan fita ba.

Da za a tsare ni a ce sai na ba da hukunci, ga yadda zan raba. Yaro mai natsuwa, mai son kemistiri, wanda ba ya son hayaniyar mutane kuma yana sha'awar bincike, lab. Mai ƙarfi a fiziks, mai son na'ura, wanda ba ya ƙin zaman birni kuma yana son aiki da wuri, hoto. Mai son mutane, mai ƙarfin jiki da dogon haƙuri, fisiyo. Ga 'yan mata kuma ina ƙara jaddada hoto da fisiyo, saboda rabin marasa lafiyarmu mata ne, da yawansu kuma suna fasa zuwa ko su jinkirta idan sun san namiji ne zai taɓa su.

Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar da abu biyu: hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar, hukumar sana'ar ma ta amince. Ɗaya ba ya wadatarwa. Sababbin jami'o'i, na jiha da na kuɗi, sukan buɗe kwas su ɗebi ɗalibai fiye da adadin da aka ba su, sai a zo wajen yi wa ɗalibai rajista da hukuma a tarar sunan wasu ba zai shiga ba. Wanda ba a yi masa wannan rajistar ba, ba zai zauna jarrabawar ƙwarewa ba, ba zai yi rantsuwa ba, digirinsa takarda ce kawai. Ka duba jerin makarantun da hukumar ta wallafa, sannan ka nemi ɗan aji huɗu ko biyar a sashen ka tambaye shi ko waɗanda suka gabace su sun yi rantsuwa a kan lokaci, kuma a wane asibiti suke zuwa koyon aiki. Masu niyyar karatu a waje su ma su sani cewa idan sun dawo sai sun bi tantancewa da jarrabawar hukumar kafin lasisi, kuma a farkon 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo.

Saura masu cewa bari in shiga lab ko fisiyo, idan na yi aji ɗaya sai in canza zuwa likitanci. A yawancin jami'o'i wannan ƙofar ƙunƙuntacciya ce, domin likitancin ma yana da nasa adadin da hukumar likitoci ta MDCN ta ƙayyade, kuma ya riga ya cika tun daga JAMB. Idan zuciyarka ba za ta kwanta ba sai da likitanci, gara ka zauna ka sake jarrabawar da kyakkyawan shiri. Idan kuwa kana shakka ne kawai, nemi wani ma'aikacin asibiti a cikin dangi ko unguwa ya nema maka izini ka yi safiya ɗaya a ɗakin gwaji, ɗaya a ɗakin hoto, ɗaya a sashen fisiyo, kafin ka je wurin canza kwas.